Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Ledar Da Aka Gani A Jakata

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a dawowata daga Alkahira, bayan aikin rage tumbi.

Inna, Allah Ya jiƙanta, ba ta gajiya da cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Da maganar nan tata na ɗinke bakina. Daga ni sai Baban Auta sai Yaya, babbar 'yar'uwata, muka san abin da ya kai ni Masar, sauran dangi an ce musu gwiwa na je a duba.

Likita ya cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbina, abin da ya rage bai wuce ayaba ba. Ranar sallama, mai kula da abincin marasa lafiya ta zaunar da ni, tafinta na gefe. Ta ce kitse zai tafi, amma jikin da bai samu furotin ba, tsokarsa yake komawa ya ci. Giram 60 zuwa 80 take so in samu kullum. Ƙwai guda giram 6 ne, ni kuwa a lokacin rabin ƙwai ke cika ni har wuya. Shi ya sa ta haɗa ni da garin furotin, wanda ake yi da ruwan madarar da ke saura in an cire cuku. Sai bitamin na kullum har ƙarshen rai, da kalsiyam miligiram 1,200 a rarraba shi, kuma a bar awa 2 tsakaninsa da maganin ƙarin jini don ɗaya yana tare ɗaya. Sai bitamin B12, saboda ɓangaren da aka yanke yana cikin masu samar da abin da jiki ke tsotse shi da shi. Na riƙe ƙa'idar nan wata huɗu ban yi fashi ba.

Sai sunan da aka yi a babban gida. Na sauke kilo 24, gashina yana bin mataji, wanda dama an gaya mini zai faru daga wata na uku. Na shige ɗakin Hajiya, surukata, bayan azahar, na zazzage ledar magungunan a kan gado ina ware na rana. Ƙanwar Baban Auta ta ɗaga labule. Ta dubi ƙwayoyin, ta dubi wuyana.

"Anti, duk wannan naki ne?"

Na ce nawa ne. Ta ce, "Allah Ya sawwaƙe," ta saki labulen a hankali.

Kafin la'asar an ware mini kofi. Jan kofin roba, har yau ina ganinsa. Gidan da na yi shekara 22 ina tuƙa musu tuwon biki, yarinyar da ni na yi mata jere, ita ta zagaya da cewa matar wansu ta kwaso ciwon nan. Kalma ɗaya da na faɗa da zancen ya mutu, amma muryar Inna na kunnena, ga kuma zuciya: don me zan buɗe wa wadda na goya cikina?

Abin da na yi shi ne ya fi ci mini rai. Na dawo gida na tura ledar da robar garin ƙarƙashin zannuwa, na ce ba mai ƙara ganina da ƙwaya. Daga baya, da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023, kuɗin garin ya zama abin da sai an yi shawara kafin a saya, kuma na sha fakewa da hakan in ana hira. Gaskiya ita ce tun kafin tsadar na daina.

Sikeli ya ci gaba da sauka, ina murna. Wata asuba na yi sujada na kasa ɗagowa. Cinyoyina suna rawa, sai da na ja jiki na kama bakin gado. Tafin ƙafata kamar tururuwa na yawo, ga sanyi ina ji ana tsakiyar zafin Kano. Butar alwala ma hannu biyu nake sa mata.

Gwajin jini ya nuna jinina ya yi ƙasa, B12 ma haka. Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta matsa damtsena ta ce, "Hajiya, tsoka ita ce murhun jiki, ko barci kike tana cin itace. In ta zube, ɗan abin da kika ci ma ajiye shi jiki zai yi, ƙibar ta dawo ba ƙarfi." Ta sa aka fara mini allurar B12, ta ce da na ƙara jinkiri, lahanin jijiya kan iya zama na dindindin.

Na tono ledar. Yanzu furotin nake fara ci kafin in taɓa tuwo: awara, kindirmo, wake, busasshen kifi a miya, garin kuma ludayinsa guda da safe. Ruwa sai bayan minti 30 da cin abinci, shayi kuma ba ya kusa da maganin ƙarin jini. Ina tashi in zauna a kujera sau goma-goma, ina ɗaga gorar ruwa, Auta na ƙirga mini. Sai da na kusa shekara kafin in miƙe daga sujada ban dafa komai ba, ranar na yi kuka a kan sallaya.

Na sha tambayar kaina ko da Inna na raye za ta ce in yi shiru har haka. Ina jin da kanta za ta ɗauki ledar ta kai tsakar gidan ta zazzage musu.

Ita kuwa mai labule, bara ta zo har falona, suga ya kama ta, tana tambayar nawa aikin yake ci. Ashe Yaya ta gaya mata tun tuni. Ba ta ce in yafe mata ba, har yau ba ta ce ba. Na ba ta ruwa a kofin gilashi, na ɗauko ledar na zauna kusa da ita, na fara mata bayani daga kalsiyam.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda Baban Auta ya tunkari Hajiya da maganar kofin.