Bidiyon da Muka Yi wa Masu Zaizayar Ƙashi

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ƙashi. Duk lokacin da na ce wa mace tana da zaizayar ƙashi, wato ostiyoporosis, sai ta ce, "Ai na sani Sista, sanyin ƙashi ne." Ba shi ba ne. Wancan ciwon gaɓoɓi ne mai hana barci. Wannan kuwa shiru yake ci, kamar gara a cikin katako, sai ranar da aka yi ɗan tuntuɓe ƙugu ko wuyan hannu ya karye. Kusan mace ɗaya cikin 3 da suka haura shekara 50 tana gamuwa da irin wannan karaya, maza kuma ɗaya cikin 5.

Da bakina ya gaji, sai muka haɗa bidiyo muka sa a talabijin na ɗakin jira. Minti 12 ne, babu abin da ba mu cusa ba: raguwar sinadarin estrojen bayan ɗaukewar al'ada, awon DXA mai auna ƙwarin ƙashi, har makin -2.5 na awon da ake yanke hukuncin akwai ciwon da shi. Mu ya burge mu ƙwarai. Masu jiran kuwa kunnensu yana wajen mai kiran suna, ana kiran mutum ya tashi ya bar mu da kayanmu.

Sai muka daddatsa shi, kowane yanki bai wuce minti uku ba, ina nuna shi a waya ina zaune kusa da mai ciwon. Yankin da ya fi aiki shi ne na cikin ƙashi: lafiyayye kamar saƙar zuma, ga kuma wanda ramukansa suka buɗe, ganuwarsu ta sirance. Wata dattijuwa ta ɗora yatsa a kan gilashin ta ce, "'Yata, wannan a jikina yake?" Shekara biyu ina yi mata bayani, ranar ta fara tambaya.

Amma kallo ba ganewa ba ne, kuma gyaɗa kai ba ya nufin komai. Yanzu in bidiyo ya ƙare sai in ce, "Mama, in kin koma gida yaya za ki sha maganin?" Da wannan tambayar na gano dattijuwar nan tana shan alendronet ɗinta, wato maganin zaizayar ƙashi na mako-mako, bayan karin kumallo, tare da ƙwayar kalsiyam, sannan ta kishingiɗa. Ga shi da sassafe ake shan sa kafin a ci komai, da kofi cike da ruwa zalla, a zauna ko a tsaya a miƙe aƙalla minti 30. Abinci da kalsiyam suna hana jiki zuƙarsa, kwanciya kuma tana iya sa ya ƙone hanyar abinci.

Muka maimaita yankin, ta faɗa mini da bakinta, na tura wa jikarta a waya. Da suka dawo, jikar ce ta tambaye ni ko darduma mai santsi da ke ƙofar banɗaki ma a ɗauke ta.