Rana tana tsaka, wuta ta ɗauke: abin da na koya wajen sabunta lantarkin wata masana'anta

Ranar da muka kunna farantan sola, na tsaya a bakin ɗakin inji ina jiran janareta ya yi shiru. Bai yi ba. Muryarsa kawai ta canza, daga rurin da ya saba ta koma gurnani marar ƙarfi, kamar wanda aka tasa daga barci. Na ce a raina ai sauƙi ya samu. Bayan sati uku sai ga baƙin mai yana ɗiga daga haɗin salansa, ya yi tabo a siminti. Tsohon da ke kula da injinan, wanda kowa ke ce wa Baba, ya dangwala yatsa a ciki, ya nuna mini.

"Injiniya, inji ba ya son zaman banza. Ka ƙwace masa aiki, kuma ba ka sallame shi ba."

Wurin matsakaiciyar masana'anta ce da ke nesa da babban layin wuta. Tana da ɗakin sanyi, injinan tura ruwa, wurin walda da gyare-gyare, ofisoshi, da gidajen ma'aikata a can baya. Janareta biyu ne ke karɓa-karɓa dare da rana. Ni aka ɗora wa aikin rage shan dizal da hayaƙin da ake fitarwa. Lissafin kuwa ba ya da wuya: kowace lita ta dizal idan ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Litar kanta ba ta kai kilo ɗaya ba, amma kabon ɗin da ke cikinta yana haɗuwa da iskar oksijin, shi ya sa hayaƙin ya fi man nauyi. Janareta mai lafiya yana ba da wutar kilowat uku da ɗan wani abu na awa ɗaya daga lita guda. Ke nan duk wutar da rana ta ba mu, hayaƙi ne muka hana tashi. Da wannan lissafin na shawo kan masu wurin, kuma lissafin daidai ne. A wani wajen na yi kuskure.

Ban auna komai ba. Na zaga da littafi ina kwafe lambobin da ke jikin kowane inji, na tara su, na fitar da yawan farantan da za mu saya. Saboda a rage kashe kuɗi na ce a bar batir sai nan gaba, muka sayi inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar farantai irin wadda injina ke sha, amma irin wadda ke bin layi. Ita wannan ba ta iya tsayawa da ƙafarta. Sai ta ji wani ya kafa mata ƙarfin wuta da bugun hatz 50 (wato wutar ta kai ta komo sau 50 a daƙiƙa) a layi, sannan ta ɗora nata a kai. A wurinmu janareta ne mai kafawar, don haka dole ya zauna a kunne ko da rana ta ɗauke masa kusan dukkan lodi. Injin dizal kuwa idan ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai. Ragowar man da toka su taru, su bi ta salansa. Abin da Baba ya dangwala ke nan. Kuma ko a zaman banzan yana shan mai ba kaɗan ba, shi ya sa ragin da muka gani a tanki bai kai rabin abin da na yi alkawari ba.

Abin kunyar ya zo ne a wata ranar hutu. An rufe wurin walda, ofisoshi a kulle, rana kuma ta take. Farantan suka samar da fiye da abin da wurin ke sha, rarar ta rasa inda za ta, ta koma kan janareta tana neman juya shi kamar motar lantarki, wato injin da wuta ke juyawa. Na'urar kariyarsa ta cire shi daga layi, kuma ta yi daidai. Inbata ta nemi wanda za ta bi ta rasa, ita ma ta kashe kanta. Ƙarfe ɗaya na rana, sama ba ko ɗigon gajimare, ga farantai a shimfiɗe, amma ɗakin sanyi ba wuta. Da aka kira ni a waya ban sami abin cewa ba.

Daga nan na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na aro na'urar da ke ɗaukar bayanan lodi, na maƙala ta a babban allon rarraba wuta wata guda cur, sannan na riƙa zagayawa da ita layi-layi. Abin da ta nuna ya sha bamban da littafina. Lodi mafi nauyi ba da tsakar rana yake ba, daga magariba ne zuwa wajen goma na dare, lokacin da gidajen ma'aikata suka kunna komai, rana kuma ta faɗi. Injinan ruwa suna tashi duk lokacin da tanki ya yi ƙasa, har da ukun dare. Kowace babbar motar lantarki kuwa idan za ta tashi tana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take sha a guje, na 'yan daƙiƙu. Ashe saboda waɗannan 'yan daƙiƙun aka sayi manyan janaretoci tun farko, suka kwana suka wuni suna aiki da ɗan guntun ƙarfinsu. Cutar da na ɗauka ni na kawo ta, na tarar da ita ne, na dai ƙara mata.

Sai batun wayoyi, wanda shi ne ya fi ba ni haushi don ba wanda yake ganinsa. Layin wurin mai fes uku ne, wato wayoyi uku masu ɗauke da wuta da ya kamata su raba lodi daidai, amma shekara da shekaru duk wanda zai ja sabuwar wuta sai ya ɗaura a fes ɗin da ya fi kusa da hannunsa. Ɗaya ya yi nauyi har yana nishi, ɗaya kusan fanko. Wayar da ta tafi gidajen ma'aikata siririya ce, an ja ta tun gidajen ba su da yawa. Na taɓa ta da yamma na ji ɗumi. Wannan ɗumin dizal ne da aka saya, aka ƙone, aka watsar a hanya. Asarar waya ba ta tafiya daidai da wutar da ke bi ta cikinta: idan wutar ta ninka biyu, asarar ninki huɗu take yi. Da muka haska kyamarar gano zafi a allon rarrabawa, wasu haɗe-haɗen suka yi ja wur, kusoshinsu sun saki ba wanda ya sani.

Wata biyu muka yi muna aikin da ba a ɗaukar hotonsa. Muka daidaita fes ɗin uku, muka canza wayar baya da mai kauri, muka ɗaure haɗe-haɗe, muka sauya tsofaffin ƙwaye da na LED. Manyan motocin lantarki muka sa musu na'urar da ke tada su a hankali, fizgar nan ta ɓace. Abin da ya fi komai amfani kuma kusan kyauta muka same shi: agogo. Muka mayar da tura ruwa zuwa tsakanin goma na safe da uku na yamma. Tankin sama ya zama ma'ajiyar wuta, don ruwan da rana ta ɗaga da azahar shi zai sauko da kansa da dare. Ɗakin sanyi ma muka riƙa ƙara masa sanyi da rana gwargwadon abin da kayan ciki za su jure, don kwampreso ya huta da dare.

Sai bayan wannan muka sayi batir, kuma ya yi ƙasa sosai da wanda da zan saya a farko. Mun ɗauki na litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ke jure caji da saukewa sau dubbai, saɓanin na dalma da ke saurin mutuwa idan ana sauke shi ƙasa da rabi. Tare da shi muka kawo inbata mai kafa layi, wadda ke riƙe ƙarfin wuta da bugunta da kanta. Ranar ne janareta ya yi shirun da na jira. Yanzu yana tashi ne idan batir ya yi ƙasa, ya yi 'yan awoyi da lodi mai nauyi, ya cika batir ya kwanta. Tabon siminti ya bushe.

Akwai wani tarko da na kusa faɗawa, kuma ban ga ana yawan maganarsa ba. Idan wayoyi biyu suka haɗu, janareta yana tura wuta mai yawan gaske nan take, wadda ke sa bireka, makunnin kariya mai yanke wuta, ta faɗi. Inbata ba ta iya haka, abin da za ta iya bayarwa bai wuce ƙarfinta da yawa ba. Ke nan birekar da aka saita don janareta tana iya zama ƙyam waya tana cin wuta. Sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya muka sake lissafi, wasu muka canza su.

Da nake karanta abin da ke faruwa a manyan ƙasashe, na ga ashe ciwon ɗaya ne, girma ne ya bambanta. A watan Satumba na 2016 guguwa ta kayar da turakun manyan layuka a jihar Ostireliya ta Kudu, wasu tashoshin wuta masu aiki da iska suka cire kansu saboda yadda aka saita kariyarsu, jihar gaba ɗaya ta shiga duhu. A 2017 aka girka babban batirin Tesla mai megawat 100 a Hornsdale da ke wannan jihar, wanda ke tallafa wa layi cikin ƙiftawar ido idan bugunsa ya karkace. Birtaniya, inda aka fara tashar wuta mai aiki da kwal a 1882, ta rufe ta ƙarshe a Ratcliffe-on-Soar a ƙarshen Satumba na 2024. Irin waɗannan tashoshin, ban da wutar da suke bayarwa, nauyin manyan injinansu masu juyawa yana hana layi girgiza farat ɗaya. Duk wanda ya cire su sai ya nemo mai yin wannan aikin. Farashin farantai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa kowa ke rububinsu, amma ban ji an ce ɗaure kusoshi da sake saita bireka sun yi araha ba.

Farantan ma suna da nasu halin. Ƙarfin da aka rubuta a jikinsu an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri sama da haka yana rage musu kusan kashi 0.4 cikin 100. Ƙura kuma ta ci nata. Mun sa ranar wanki a jadawali, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi.

Baba ne ya fi ba ni wuya, kuma ina ganin da gaskiyarsa. Satin farko na lura batir yana kwana a cike, dizal ɗin tanki kuma yana raguwa. Ashe da ya ga duhu ya yi sai ya tada janareta da hannu.

"Baba, me ya sa? Ai batirin zai kai mu asuba."

"Ɗana, abin da ba ya ƙara, ta yaya zan san yana da rai?"

Shekarunsa duka da kunne yake gane lafiyar wuta. Na kuma fahimci akwai tsoron da bai faɗa ba, na cewa idan inji ya yi shiru shi ma an gama da shi. Na kawo tabarma muka kwana tare a ɗakin, ina nuna masa lambar cajin tana sauka sannu a hankali. Da asuba ta yi da saura mai yawa. Bai ce komai ba, ya ɗauko littafinsa na rubuta awoyin inji, ya ja sabon layi da biro, ya rubuta "batir" a samansa. Yanzu shi ke kirana idan ya ga farantai sun ba da ƙasa da na jiya, kuma sau biyu yana gano matsala kafin manhaja ta yi ƙara.

Idan hadari ya yi kwana uku a jere, har yanzu dizal muke ƙonewa, ban kuma da niyyar sayar da janareta na biyu. Ga sabon abu kuma ya taso: tun da wuta ta zauna, gidajen ma'aikata sun cika da firji da dutsen guga, lodin magariba ya fara hawa, batir yana isa asuba da ƙyar. Jiya na sake aro na'urar aunawa, na maƙala ta a layin baya.