Warin Fetur a Hanyar Maigatari

Saura kwana goma Babbar Sallar 2024 muka kama hanyar Maigatari, ni da Baffa, ƙanin mahaifina, za mu sayo raguna a kasuwar Alhamis. Motar tamu a-kori-kura ce, tsohuwar Fijo 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, gadon marigayi mahaifina. Ta girmi ƙannena duka. Shekara da shekaru tana jigilar gero da wake daga Dawanau, ban taɓa jin an ce ta kwana a hanya ba. Na gaje ta da halinta: sai an taka totur sau biyu take tashi da safe, ƙofar fasinja kuwa ta waje ake buɗe ta.

Wajen wata guda kenan ina mitar tana shan mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 600, kowa ya koma mai lissafi, har da ni. Sai dai lissafina ya bi hanyar da ba ta ɓullewa, don gidajen mai na ɗora wa laifi, na ce litarsu ba ta cika. Gidan mai uku na canja. Durƙusawa in leƙa ƙarƙashin motar kuwa, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Muna idar da sallar asuba muka fita ta Yankaba, muka wuce Jogana da Gezawa gari bai gama wayewa ba. An sami ruwa kwana biyu da suka wuce, manoma sun bazu a gonaki, mai sungumi a gaba, yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Muna shiga ƙasar Jigawa Baffa ya fara jan hanci.

"Kai, motar nan warin fetur take yi."

"Jarkar da ke baya ce, Baffa."

"Jarka tana baya, mu muna gaba, iska kuma daga gaba take zuwa. To."

Bai ƙara ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Wanda ya san Baffa ya san wannan "to" ɗin ta fi doguwar magana nauyi.

Mun bar Gujungu, inda hanyar Haɗeja ta rabu da ta Gumel, ba mu yi nisa ba motar ta fara fizga. In na taka sai ta shaƙe kamar mai tari, ta saki, ta sake shaƙewa. Na gangara gindin wata darbejiya na kashe ta. Kafin in gama buɗe bonet Baffa ya riga ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna ta gefen direba, yana nuna mini ƙasa da baki. Wani ɗan tabo ne mai duhu a kan yashi, bai fi faɗin murfin kwano ba, ga ɗigo yana sauka a tsakiyarsa ɗaya bayan ɗaya.

Na shimfiɗa buhu na kwanta rigingine na shige. Bututun ƙarfen da ke kai mai daga tanki zuwa inji siriri ne, bai kai ɗan yatsa kauri ba, ya bi jikin ƙarfen gindin motar, an ɗaɗɗaure shi da 'yan maƙalai. A daidai ɗaya daga cikinsu laka ta shekaru ta daskare ta zama kamar kasko. Da na ƙanƙare ta da farce sai tsatsa ta biyo tana ɓarewa kamar ƙanzo, fetur ya gangaro mini ta hannu har gwiwar hannu, da sanyinsa. Ramin bai fi bakin allura ba. Laka ce ke riƙe danshi a wurin kowace damina, ƙarfe ya ci har ya huje.

Nan na gane inda kuɗina ke tafiya. Famfon man irin wannan mota a jikin inji yake, zuƙo mai yake yi daga tanki. In tana tafiya, ramin iska yake shigarwa, kafireta ta riƙa samun mai haɗe da kumfa, shi ne fizgar. In an ajiye ta kuma sai ya koma ɗiga, dare guda cur, ƙasar ƙofar gidana ta shanye, zafi ya busar kafin in fito. Allah ya yafe mini zargin da na yi wa bayin Allah masu ba da mai.

Baffa ya yi yaron mota a ƙuruciyarsa, kuma bai manta ba. Ya kira wani yaro mai kiwon awaki ya ba shi kuɗi ya sayo sabulun wanki a ƙauyen da muke hange. Ya gutsuri kaɗan, ya ɗiga masa ruwa, ya mulmula a tafin hannu har ya yi laushi kamar ƙullu, ya ce in danna a ramin in shafe. Fetur ba ya narkar da sabulu, ruwa ne maganinsa. Muka yanko robar tsohon tiyub muka naɗe a kai muka ɗaure tamau.

"Wannan ba gyara ba ne, rakiya ce," in ji shi. "Robar nan fetur zai cinye ta. Ka lallaɓa mu Gumel, kuma kada ka faɗa kududdufi."

Haka muka shiga Gumel a giya ta uku, gilasai a sauke. Bakaniken da aka nuna mana dattijo ne mai furfura a gemu, yana ganin motar ya yi murmushi kamar ya ga tsohon aboki. Abin da ya fara yi shi ne cire kan batir. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa mai walda da ke maƙwabtaka da shi ya dakata, ya kori wani matashi da ya matso da sigari a hannu. A lokacin na ga kamar ya cika tsanani. Bayan wata huɗu, da tankar mai ta faɗi ta kama wuta a Majiya, kan hanyar nan da muka biyo, mutum fiye da 150 suka rasu, fuskar dattijon nan ce ta fara faɗo mini a rai.

Ya tsiyaye man tankin a jarka, ya yanke ruɓaɓɓen wurin da wani ɗan abin yanka bututu mai faifai, wanda ake juyawa a hankali ba tartsatsi. Ya ƙara yankewa gaba kaɗan ta kowane gefe har ya iske ƙarfe mai haske, ya ɗan buɗa bakunan don kada tiyo ya zame. Ni kuwa, da son sauƙi, na ciro wani guntun tiyon ruwa da ke bayan kujera na miƙa masa. Ko karɓa bai yi ba.

"Alhaji, wannan ka kai wa masu lambu. Kwana nawa zai yi fetur bai kumbura shi ba?"

Ya aiki yaronsa ya sayo tiyon mai, ya nuna mini bakinsa: baƙar roba mai kauri da zare a saƙe a tsakiyarta. Ya zura shi sosai a kan bututun, ya sa kilif biyu ta nan, biyu ta can, ya ɗaure shi nesa da salansa. Ya ce wannan dabara ta motar kafireta ce, wadda manta ba shi da ƙarfin turi. Motocin yanzu masu injekta famfonsu turo mai yake yi da ƙarfi, irin wannan haɗin sai ya fincike. Ya mayar da mai, ya ɗiga kaɗan a kafireta, na murza makulli. A bugu na uku ta kama. Ya sake shigewa ƙasa ya goge wurin da tsumma, ya jira, ya shafa da yatsa ya shinshina, sannan ya fito.

"In ka koma Kano ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayi bututun gaba ɗaya. Inda tsatsa ta ci wuri ɗaya, tana nan tana cin wani."

Sai bayan azahar muka isa Maigatari. Tun watan Maris aka buɗe iyaka, don haka dabbobin Nijar sun shigo, raƙuma a gefe guda, shanu a wani, 'yan canji suna yawo da damin sefa da naira. Amma ragunan da muka yi sammako dominsu, manyan Uda da Balami, tuni 'yan kudu suka loda su a tirela. Muka zaga har la'asar, Baffa yana taɓa gadon baya yana duba haƙora, dillali yana rantsuwa, muka samu huɗu matsakaita a kuɗin da na yi niyyar sayen biyar.

A hanyar dawowa duk inda muka tsaya sai na durƙusa na leƙa, ƙasa a bushe. Mun wuce Gezawa ana kiran isha, ragunan suna ta kuka a baya, Baffa ya ɗauko guntun bututun da bakaniken ya ajiye mana a gaban mota, ya ɗaga shi saitin fitilar wata babbar mota da ke tahowa. Ramuka uku muka ƙirga a jikinsa.