Na sayar wa Baba gidana, na rataya sauran kuɗin a wuyan haya

Wata goma sha huɗu ke nan da na sayar wa mahaifina gidana domin ya zuba 'yan haya, kuma har yau idan na tuna maganar nan guda da muka ƙulla da baki sai in ji raina ya sosu. "Sauran kuɗinka a riƙa cire maka a kuɗin haya." Shi ke nan. Ba wa'adi, ba adadin da za a biya duk wata, ba a ma fayyace wane kuɗin hayar ake nufi ba: wanda ɗan haya ya miƙa, ko wanda ya rage bayan gidan ya ci nasa. Ta wannan ƙofar na shiga uku.

Sauran cinikin ya tafi daidai, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Mun kawo masu kimanta gida biyu da ba su san juna ba, muka tsaya a tsakiyar abin da suka rubuta. Wannan kada ka yi wasa da shi. A ƙasashe da yawa hukumar haraji ba ta kallon farashin da uba da ɗa suka shirya, darajar kasuwa take kallo, ragin da ka yi kuma tana iya lissafa shi a matsayin kyauta. Ban da haka, takardar mai kimantawa ce ke rufe bakin ɗan'uwan da zai ce gobe an cuci tsoho ko an yi maka alfarma. Ragowar bashin banki da ke kan gidan na biya daga kuɗin farko, na karɓi takardar da ke nuna an saki jinginar, lauya ya mayar da takardar mallaka sunan Baba.

Ga lissafin da ya yaudare ni. Ka ɗauki farashin gidan a matsayin 100. Baba ya biya 60 nan take, saura 40. Hayar shekara ta kama 8. Muka raba 40 gida 8, muka ce shekara biyar an gama. A bayan ambulan muka yi wannan lissafi, muna ta murna.

Gida ba ya ba ka 8 ɗin nan. A shekarar farko sai da ya yi wata uku ba kowa a ciki, ga 2 ta tafi. Dillalin da ya kawo ɗan haya ya cire kashi goma cikin ɗari na abin da aka karɓa. Inshora da harajin gida suka ɗauki kusan 1. Gyaran rufi ya lashe 1 da rabi. Abin da ya iso hannuna a wata goma sha biyu 3 ne, alhali na riga na ɗora wasu biye-biye nawa a kan 8. Ko da shekara ta yi kyau, ban ga yadda ragowar za ta wuce 5 ba, wato shekara takwas maimakon biyar. Kuma 40 ɗin nan tana nan a tsaye ba ta ƙaruwa, tsadar kaya tana gutsurarta kowace shekara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da wannan maganar ta baki na sayar da gidan amma na riƙe asararsa. Mallaka ta koma wurin Baba, idan darajar gidan ta tashi nasa ne. Amma idan ɗaki ya zauna ba kowa, ko famfo ya fashe, aljihuna ne ke ji, tunda daga ragowar haya ake biyana. Ba wanda ya shirya mini haka. Ni na miƙa wuya, don ina jin nauyin in ce wa mahaifina ya sa hannu a takardar bashi.

Rufin kuwa da laifina a ciki. Na san kusurwar ɗakin baya tana ɗan ɗiga idan ruwa ya zo da iska, shekara biyu ina ajiye bokiti a wurin. Da baƙo na sayar wa, da ya kawo mai duba gini, da an rubuta, da an rage a farashi an wuce wurin. Tunda Baba ne, ba wanda ya hau sama. Gidan yana kulle wata uku, ruwa ya samu yadda yake so. Ran da na buɗe wa dillali ƙofa, warin danshi ne ya fara tarar mu. Silin ya yi ciki kamar tulu, da zoben tabo mai ruwan ƙasa ya kai faɗin tabarma, fenti yana saɓulewa a bango idan ka shafa. Kafinta ya ɗaga, ya tarar katako uku sun ruɓe. Na kira kamfanin inshora, aka tuna mini cewa inshorar da sunana take, ta mai gida mazauni ce, ni kuwa ban da gidan yanzu. Ta masu ba da haya daban ce, kuma ba mu yanke ta ba tukuna. Ko da mun yanka, yawanci ba sa biyan ɓarnar da tsufan rufi ya jawo, wasu kuma suna rage abin da suke ɗauka idan gida ya daɗe ba kowa.

Na je wurin Baba da takardar kafinta. Ya duba, ya cire tabarau.

"To ai kai ka zauna a ciki. Ba ka san da yoyon ba?"

"Na sani, Baba. Ban zaci zai kai haka ba."

"To a cire a haya."

Me zan ce? A cire a haya, wato a cire a jikina. Kuma da gaskiyarsa.

Ƙanwata ce ta farkar da ni da tambaya ɗaya: in ta Allah ta kasance ga Baba, me zan nuna wa magada? Babu. Takardar mallaka ta ce gidan nasa ne, takardar ciniki kuma, saboda gaggawar mu, ta nuna kamar an gama biya. 37 ɗin da ta rage ba ta da mazauni sai a bakina da nasa. Gidan zai shiga gado, ni kuma in tsaya gaban 'yan'uwana ina rantsuwa ina bin mamaci bashi. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Abin da muka koma muka rubuta a wurin lauya, shi ya kamata a rubuta tun ranar farko. Takarda ce ta amincewa da bashi, an sa ragowar kuɗin da lamba da kuma kalmomi. An yanke adadi tsayayye da za a biya ranar biyar ga kowane wata, ko akwai ɗan haya ko babu, kuma da ragowar haya ta gaskiya aka auna shi, wato 5 a shekara, ba 8 ba, don kada a ɗora wa tsoho abin da zai sa ya taɓa kuɗin fanshonsa. An yi rajistar bashin a kan gidan, yadda ba za a sayar ko a jinginar ba sai an sallame ni. An rubuta cewa idan ya rasu, a biya kafin a raba, idan ni na riga shi, a biya iyalina. Shaidu biyu suka sa hannu, kowane ɗan'uwa ya karɓi kwafi. Na so a ce Baba ya samu lauyansa daban tun farko, domin da wuya lauya ɗaya ya iya tsaya wa mai saye da mai sayarwa lokaci guda, wannan karon kuwa na dage sai da aka yi.

Haya yanzu tana shiga asusun banki na gidan kaɗai, ba ta haɗuwa da kuɗin cefanen kowa. Ana barin hayar wata uku a ciki don gyara da ranar da ɗan haya zai tashi. Duk gyaran da ya wuce rabin hayar wata sai Baba ya amince a rubuce, ko da saƙon waya ne, kuma a ajiye rasit.

Akwai wata wahalar da ban lissafa ba. Ɗan hayar lambata ce a wayarsa, ni na san inda makunnin ruwa yake, ni na san wace waya ce ke tsalle idan an kunna abin dumama ruwa. Sai na wayi gari ni ne mai kula da gidan da ba nawa ba, kyauta. Yanzu an miƙa wa dillali da kwangila, na rubuta masa shafi biyu na lungu da saƙon gidan, na roƙi ɗan hayar ya daina kirana. Bai daina ba.

Baba bai ji haushin takardar ba ko kaɗan. Ya karanta sau biyu, ya sa hannu, ya ce, "Da ka kawo tun farko ai da na sa." Wannan maganar ta fi kuɗin rufin yi mini ciwo. Giɓin shekarar farko an tura shi ƙarshen jadawali, sai a shekara ta tara zan gan shi, in muna da rai.