Laptop ɗin da ke farkawa da kanta cikin dare

Sana'ata gyaran kwamfuta ce, ni da yara biyu da nake koya wa aiki, kuma cikin ƙorafin da aka fi kawo mana akwai wannan, mutum ya zo ya ce oga batirina ya mutu, na rufe laptop da daddare da caji cike, da safe na tarar ba ko ɗigo, jakar ma ta ɗau zafi kamar an gasa ta. Farkon shigata harkar ni ma batirin kawai nake canzawa, har sai da wani kwastoma ya dawo min bayan kwana uku, sabon batiri amma matsala na nan daram, wallahi ranar na ji kunya, na mayar masa da kuɗinsa na ce ya bar min laptop ɗin ta kwana a wajena.

Na tafi da ita gida na ajiye kusa da kaina. Wajen ƙarfe 2 na dare sai na ji fanka ta fara juyawa, ba wanda ya taɓa ta. Ashe Windows ce ke tashin ta, don ƙarfe 2 ɗin shi ne lokacin da take ware wa gyare-gyarenta na kullum in ba ka canza ba, sannan ga na update shi ma yana da nasa. In ta tashi a kan tebur da caja ba komai, amma a cikin jaka ba iska, ta yi ta aiki tana zafi har caji ya ƙare.

Abin da mutane ba sa yarda da shi shi ne ko a hibernate, wato barcin da ya fi sleep nauyi, ma tana iya tashi. Eh, a hibernate tana kwashe abin da ke cikin RAM, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, ta zuba a fayil ɗin hiberfil.sys ta mutu, amma akwai ɗan agogo a jikin bod, wato babban allon da ke cikinta, da ba ya tsayawa, shi Windows ke saita wa alam kafin ta kwanta.

Yanzu yarana sun san ƙa'ida, ba mai kwance ko sukuru ɗaya sai ya buɗe cmd, wato tagar rubuta wa Windows umarni, a matsayin admin ya rubuta powercfg /lastwake, ya ga abin da ya tashe ta na ƙarshe, sannan powercfg /waketimers ya ga alam ɗin da ke jira. In alam ne, sai mu shiga Power Options, ƙarƙashin Sleep akwai Allow wake timers, mu kashe na ɓangaren batiri. Wani lokacin ma ba alam ba ne, maus ne aka manta a kunne yana motsi a jaka. Sababbin laptop masu Modern Standby kuwa nasu ciwon kan daban ne, su ba sa yin barci mai nauyi tun asali, masu irinsu ina ce musu in za a sa a jaka a yi shut down kawai.

Ni dai ban kashe nawa alam ɗin ba. Tsohuwar laptop da muke rubuta lissafin shago a ciki, na shiga Task Scheduler na yi tik a Wake the computer to run this task, kullum da dare ta farka ta kwafe fayilolin zuwa wani hard disk ta koma barci, ita dai kullum tana jone da caja kuma a kan tebur take kwana.