Godiya ga duk wanda ya taya mu zuwa Harrogate

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Mun dawo gida lafiya, gajiya ta sake mu, don haka na zauna in sauke nauyin godiyar da ke wuyana tun ranar da muka baro filin baje kolin noma da kiwo na gundumar Yorkshire da ke garin Harrogate. Alhamdu lillahi. Yaron gidanmu, mai shekara 11, ya shiga gasar yara masu jan dabba, ya zo na uku, ya dawo da kintinkiri rawaya. A nan Ingila ja ne na ɗaya, shuɗi na biyu, rawaya na uku.

Farkon godiyata, bayan Allah, ga dattijon manomin nan ne da mai ɗakinsa, waɗanda yarana suke kira Kaka, ni kuma nake kiransu Baba da Iya. Aikin karatuna ne ya kai ni gonarsu a kwarin Wensleydale shekara biyu da suka wuce, ina ɗibar kashin tumaki don binciken tsutsar ciki. Wata Asabar na tafi da yaron saboda babu mai zama da shi a gida. Baba ya ga yadda ya shiga garke ba tsoro, ya kama 'yar tunkiya ta ƙarƙashin haɓa yadda kakansa ya koya masa a ƙauyenmu, sai ya tsaya yana kallo. Bai ce komai ba ranar. Da bazarar bana ta shigo ya kira ni ya ce ya ware wata 'yar tunkiya, in yaron yana so ya riƙa zuwa yana koya mata igiya har zuwa watan Yuli.

Duk Asabar muna can. Baba ne ya koya masa yadda ake tsayar da tunkiya ƙafafu huɗu su daidaita, yadda ake tafiya da ita ba ja ba turawa, da cewa kada mutum ya taɓa shiga tsakanin dabbarsa da alƙali. Iya kuwa ita ta rage masa hannun farar rigar da masu nuna dabbobi suke sawa, rigar da ɗanta ya sa yana yaro. Ba su karɓi ko kwabo ba, har kuɗin shiga gasar su suka biya, suka yi takardun fitar da dabbar daga gona, don a nan ba a motsa tunkiya sai da lamba a kunnenta da takardar inda za ta. Baba, Iya, ba ku jin Hausa, amma zan karanta muku wannan da bakina ranar Asabar. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya, ya albarkaci garkenku.

Sai maƙwabcinmu, ɗan uwa daga Maraɗi. Da asubar ranar gasar motata ta ƙi tashi. Na buga masa ƙofa yana dawowa daga aikin dare, ko takalmi bai cire ba, ya ce mu shiga. Shi ya kai mu daga Leeds har bakin ƙofa, ya koma bai runtsa ba, da yamma ya sake zuwa ya kwashe mu. Malam, wannan zumunci Allah kaɗai zai biya ka.

Ga waɗanda suka yi ta tambayata ta waya wane irin taro ne, gani ya kori ji, amma bari in ɗan kwatanta. Ƙungiyar manoman Yorkshire ce take shirya shi. An kafa ta a 1837, aka yi bikin farko a birnin York a 1838, tun 1951 kuma ya zauna a Harrogate. Yanzu kwana huɗu ake yi, Talata zuwa Juma'a, ana kuma tsayar da yawan masu shiga a kan mutum 35,000 kowace rana. Filin ya kai eka 250. Mun wuni muna tafiya, ba mu ga rabinsa ba.

Rumfunan tumaki su suka riƙe ni. Irin da yaron ya ja, Wensleydale, ba ta da ƙaho, fuskarta shuɗi-shuɗi, gashinta yana zubowa a nannaɗe kamar an kitsa shi, kuma yana cikin gashin da ya fi tsada a ƙasar. Kusa da su akwai Swaledale, tumakin tsauni masu murɗaɗɗen ƙaho da baƙar fuska mai farin hanci. Mu a gida in za mu yaba ragon layya, Balami ne ko Uda, tsayi muke dubawa da ƙaho da ƙiba. Alƙalin nan da hannu yake hukunci. Zai buɗe baki ya ga haƙora, ya shafa gadon baya ya ji nama, ya raba gashi ya kalli fata, ya sa a yi tafiya da ita ya ga yadda take taka ƙasa. Na ga an mayar da ƙaton rago baya saboda ƙafarsa ɗaya tana karkacewa, kuma a ganina alƙalin ya yi daidai, don wannan ƙafar 'ya'yansa za su gada.

A gasar yara kuwa yaron ake aunawa, tunkiyar shaida ce kawai. Alƙaliyar, wata dattijuwa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya: watanta nawa, me kake ba ta, don me ake kiwon irinta. Da aka zo zagaye, lasifika ta yi ƙara, tunkiyarmu ta kafe ta ƙi motsi. Gabana ya faɗi. Yaron bai fizge ta ba. Ya durƙusa, ya sa hannu a ƙirjinta, ya yi mata magana a kunne, da Hausa, har ta saki jiki ta bi shi. Bayan an gama alƙaliyar ta ce masa wannan haƙurin ne ya kai shi na uku. Ban san sunanta ba, amma na gode mata da ta tsaya ta yi wa kowane yaro bayani, har wanda ya zo na ƙarshe, ba wanda ta bari ya fita da kai a sunkuye.

Sauran abin kallo ba ya ƙirguwa. Mun ga jerin gwanon shanu a babban fili, bijimai manya-manya amma babu mai tozo ko ɗaya, da shanun tatsa masu hantsa har gwiwa. Mun ga dawakin Shire da kofatonsu ya kai faranti, da mahaya suna tsallake shinge a gasar da ake kira Cock o' the North. Maƙera suna gasar ƙera wa doki takalmi a gaban jama'a, wuta na ci, guduma na tashi, sai na tuna maƙerar bakin kasuwarmu. Ƙanwar yaron ta fi son masu hawan dogayen gungume, da suke kai ƙololuwa cikin daƙiƙu kaɗan, ta ce ko masu hawan giginya sai dai su sara musu. Uwargida ta daɗe a rumfar zuma da ta cuku, inda ake haska kwalba da tocila a ga ko akwai ƙura a ciki.

Wajen masu askin tumaki ne na ga fuskar Baba ta canja. Gwani yana gama tunkiya cikin kamar minti ɗaya, gashin ya sauka a haɗe kamar bargo. Baba ya ce mini gashin tumakin tsauni yau sau da yawa ba ya ko biyan kuɗin mai aski, ana yi ne don lafiyar dabbar. Daga nan ya gangara kan shekarar 2001, lokacin da cutar baki da kofato, wadda makiyayanmu suke kira boru, ta sa aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 a Birtaniya, aka soke wannan bikin ma a shekarar. Ya nuna mini mutanen da suke tsaye a rumfar, ya ce akwai waɗanda daga garke babu komai suka sake farawa. Na gode masa da ya ba ni wannan labari, don na ga ba kowa yake ba wa ba.

Ina godiya ga makiyayin da turkensa yake kusa da namu. Da lokacin azahar ya yi ya ga ina waige-waige, ya tambaye ni, ya share mini gefe a bayan tirelarsa, ya shimfiɗa buhu mai tsabta, ya tsaya yana tare mutane har na idar. Na gode wa masu kula da fili, da yawansu 'yan sa kai ne, waɗanda suka nuna mana hanya ba sau ɗaya ba.

Uwar 'ya'yana, wadda ta kwana tana soya waina da dambun nama, ta wanke farar rigar nan sau uku a mako guda: Allah ya yi miki albarka. Dambun bai kai la'asar ba, manoman rumfar suka cinye, biyu har sun nemi a rubuta musu yadda ake yi. Ga matan ƙungiyarmu ta Hausawan Leeds da Bradford da suka sayi tikiti suka zo da yaransu, guɗar da kuka rangaɗa lokacin da aka miƙa kintinkirin ta sa duk rumfar ta juyo ana tafi. Allah ya bar zumunci.

Da daddare muka kira Alhaji, mahaifina, ta bidiyo. Yaron ya nuna masa kintinkirin da hoton tunkiyar. Alhaji ya daɗe yana kallon hoton, ya tambaya ko an duba mata kofato, sannan ya sa masa albarka har muryarsa ta rawa. Kintinkirin yana rataye a falo. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu koma gona, Baba ya ce akwai ingiricin da za a kwashe kafin ruwa ya sauko.