Abin da aikin kantin bindiga ya koya min kan .45 da kubenta

Shekara ta biyar ke nan ina aiki a wani kantin sayar da bindigogi a Houston, jihar Texas, irin wanda yake da filin gwajin harbi a bayansa. Da share bawon harsashi da goge bindigogin haya na fara, daga baya aka dawo da ni kan kanta ina fama da kwastomomi. Kuma kusan duk ɗan'uwanmu da ya ji aikina sai ya jawo ni gefe bayan sallar Juma'a ya ce, malam wace iri ce ta fi ƙarfi, ita nake so. Shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta abin da na gani da idona, don ni ma da wannan tambayar na fara kuma ta ci min kuɗi da lokaci ba kaɗan ba.

Kafin komai, maganar nan ta Amurka ce fa. A gida Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta wa mutum ya riƙe haka kawai, don haka kada wani ya karanta ya ɗauka da shi nake. A nan ma ba kowa ba ne, wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga in ban da wasu 'yan togaciya, mai girin kad, wato takardar zama ta dindindin, da ɗan ƙasa su ne hanya ta buɗe musu, su ma sai sun cika fom mai lamba 4473 an bincika tarihinsu kafin mu miƙa musu ko da kwali ne. Texas kuma tun 1 ga Satumba 2021 ta yarda wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da wani laifin da ya hana shi ya ɗauki fistol ba tare da lasisi ba. Duk da haka ni ina ce wa mutane su je su yi ajin lasisin, awa 4 zuwa 6 ne kawai sai gwajin harbi, harsashi 50 daga nisan yadi 3 da 7 da 15, ana neman maki 175 cikin 250. A wannan ajin ne za a faɗa maka inda ba a shiga da ita da kuma lokacin da doka ba za ta tsaya maka ba in ka zaro ta, wanda wallahi ya fi sanin sunan kowace bindiga amfani.

Bindigata ta farko fistol ce samfurin 1911 mai cin harsashin .45 (lambar faɗin harsashin ce a inci), ƙarfe zalla. Duk wanda ya taɓa riƙe ta ya san abin da nake nufi, tana zama a tafin hannu daram, kunamarta tana da laushi, ga tarihi, John Browning ne ya ƙera ta sojojin Amurka suka ɗauke ta a 1911 suka yi yaƙin duniya biyu da ita, sai a 1985 suka koma fistol ƙirar Beretta mai cin 9mm, harsashin da bai kai .45 girma ba. Tsofaffin da suke zama a kantinmu suna shan kofi ba su da wata magana sai ita. Na saya ina ji a raina na yi zaɓin manya. Abin da ban lissafa ba shi ne nauyinta ya haura kilo ɗaya tun kafin a sa mata harsashi, gidan harsashinta kuma 7 yake ɗauka, ni ga ni siriri, ga zafin Houston da gumin da ba ya ƙarewa daga Mayu har Satumba. Sati biyu na farko na ɗauke ta kullum. Sati na uku ƙuguna ya fara ciwo ta gefen dama, na fara barinta a akwatin ƙarfe in zan je kusa, kafin wata biyu kuma sai ranar aiki kawai nake ɗaurawa. To bindigar da ka saya don ta kasance tare da kai kullum amma tana kwana tana yini a gida, ai ba ta yi aikin da aka saye ta dominsa ba.

Mai koyar da harbi a wurinmu, wani dattijo tsohon ɗan sanda, shi ya zaunar da ni ya ba ni labarin yadda FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka yi ta wannan zagayen kafin ni. A ranar 11 ga Afrilu 1986 an yi musayar wuta a Miami tsakanin jami'ansu da wasu 'yan fashin banki biyu, aka kashe jami'ai biyu aka raunata biyar, kuma ɗaya daga cikin 'yan fashin harsashin 9mm ya same shi tun da wuri amma bai shiga da zurfin da zai tsayar da shi ba. Daga nan suka ce babban harsashi ake buƙata, suka koma 10mm, sai aka ga da yawan jami'ai ba sa iya sarrafa shi saboda yadda yake shurin hannu, aka rage masa ƙarfi har aka fito da harsashin .40 a 1990. Suka yi shekaru a kai, sannan bayan duk wannan suka dawo 9mm ɗin da suka bari, saboda ƙirar harsashi ta ci gaba, yanzu na 9mm mai kyau yana cika ma'aunin da su da kansu suka kafa na shiga inci 12 zuwa 18 a cikin abin gwajin nan mai kama da tsoka, kuma jami'ansu sun fi samun saiti da shi, sun fi saurin maimaita harbi, gidan harsashi ya fi ɗauka. Ya ce min duk fistol fistol ce, babu wadda take ɗaga mutum sama kamar a fim, inda harsashi ya sauka shi ne magana.

Ban ce .45 ba ta da amfani ba, kuma ba na son yadda wasu matasan ma'aikata suke raina masu zaɓenta. Faɗin harsashinta ya kai milimita 11 da 'yan kai, nauyinsa kusan giram 15, kusan ninki biyu na ƙaramin 9mm, kuma akwai mutanen da na gani da idona suna zuba shi wuri ɗaya kamar da hannu suka jera. Mai babban hannu da faɗin jiki wanda yake zuwa atisaye duk sati, in ya ce min .45 yake so, ko fistol ƙirar Glock 30 mai ɗaukar harsashi 10, ko siririyar Glock 36 mai ɗaukar 6, ko 1911 mai gangar alminiyom don rage nauyi, ba na musu da shi. Abin da nake cewa kawai mu shiga ciki ka yi hayarta ka harba 50, sannan ka harba 50 da 9mm, mu ɗora takardun saitin biyu a kan tebur. Takarda ba ta jin kunyar kowa. Kuma ka sani in aka ƙaranta bindiga aka bar harsashin da girmansa to shurin yana ƙaruwa ne, ƙaramar .45 mara nauyi ta fi babbar wahalar riƙewa, mutane da yawa a juye suke ɗaukar abin. Ga kuma tsada, kwalin .45 ya fi na 9mm kuɗi a ko'ina, wanda kuma harsashi ya yi wa tsada zai rage zuwa atisaye ne ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Amma gaskiya inda na fi yin kuskure ba a bindigar ba ne, a kuben ne. Na kashe kuɗi masu yawa a kan 1911 sannan na ɗauko wani kuben yadi mai laushi na 'yan daloli kaɗan wanda aka rubuta wai yana shiga kowace bindiga, na rataya a bel ɗin da nake zuwa biki da shi. Bel ɗin ya riƙa lanƙwashewa, gindin bindigar yana leƙowa waje ta cikin riga, in na zauna a mota tana sukar haƙarƙarina, in na zaro ta bakin kuben ya rufe sai na sa hannu biyu kafin in mayar. Wata rana ina durƙushe ina jera kaya a ƙasan shelf sai kawai na ji ta zame ta faɗi a kan siminti. Ba ta tashi ba, Allah ya kiyaye, amma akwai wata mata da yaronta a tsaye bai fi taku uku daga inda nake ba, kuma har yau in na tuna fuskar yaron nan sai gabana ya faɗi. A daren ban yi barcin kirki ba.

Washegari dattijon nan ya ɗauki kuben ya jefa a shara a gabana, ya ce kube aikinsa ya rufe kunama ruf yadda ko ɗan yatsa ko igiyar riga ba za su iya shiga ba, ya riƙe bindigar ko da ka kifa shi, kuma bakinsa ya tsaya a buɗe bayan ka zaro don ka mayar da hannu ɗaya. Wanda bai cika waɗannan ba jaka ce kawai. Shi ya sa yanzu nake tura mutane ga na roba mai tauri da ake kira Kydex wanda aka gasa daidai da samfurin bindigarka, in ta shiga za ka ji ƙas. Fata ma tana da kyau in mai kauri ce ta gaske, ta fi daɗi a jiki, sai dai a riƙa duba ta, don in ta tsufa ta sha gumi bakinta yana iya lanƙwasawa ya shiga gaban kunama, kuma irin su Glock ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa, duk abin da ya ja kunama to ta tashi. Mayar da bindiga cikin kube shi ne lokacin da ya fi haɗari a duk yininka, kuma ba wanda yake korar ka, ka ɗaga riga sosai ka kalla da idonka ka mayar a hankali. Bel kuma a sayi na bindiga mai tauri, da na canza bel kaɗai rabin ciwon ƙugun nan ya tafi.

Sai kuma abin da babu wani Bature a kantin da zai iya koya min, wato kayanmu da sallarmu. Wandon kaftani mai zariya ba ya ɗaukar bindiga ko kaɗan, ko ƙarama ce janye shi za ta yi, dole sai ka sa wando mai madaukan bel a ƙarƙashi ko ka sa tela ya ɗinka maka su. Kaftanin kansa yana ɓoye ta fiye da kowace riga, ko babbar .45 ba a gani, amma tsawonsa yana nufin sai ka tattaro yadi mai yawa kafin hannunka ya kai, kuma wannan yadin ne zai iya bin bindigar cikin kube. Wanda yake ɗaura ta a gaban ciki zai ji ta a ruku'u da zaman tahiya, doguwar bindiga tana tokare cinya, wanda kuma yake ɗaurawa a bayan ƙugu cikin ƙaramar riga, in ya yi sujada mutumin sahun baya yana iya ganin shatinta. Ni sai da na sauke harsashi gaba ɗaya na kai shi wani ɗaki na dawo na duba ta sau biyu, sannan na yi ta gwada ruku'u da sujada da tsugunnon alwala a gida har na samu inda take zama lafiya. Masallaci kuma, dokar Texas tun 2019 ta bar wa wuraren ibada su yanke da kansu, in sun kafa sanarwar hani to hani ne, irin allunan nan masu lamba 30.06 da 30.07 da ake gani a ƙofofi. Ni na je na tambayi kwamiti baki da baki, don Manzon Allah (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi rauni, ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. Ranar da na fara jin ƙa'idojin da ake koyarwa a ajin harbi, kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka son ɓatawa, ka ɗauka kullum a cike take, sai na ji ai mun san wannan tun muna makarantar allo.

Yanzu Glock 19 nake ɗauka, 9mm, tana ɗaukar 15, nauyinta ba harsashi bai kai giram 700 ba, cikin kuben Kydex ta cikin wando a gefen dama. Wata rana ma na kan manta tana jikina har sai na zo cire bel. In na shigo gida kafin in ɗauki yara sai na wuce ɗaki na cire ta tare da kubenta gaba ɗaya, ba na zaro ta, in sa a akwatin ƙarfe mai lamba in kulle, dokar jihar ma tana hukunta wanda ya bar bindiga a cike inda yaron da bai kai 17 ba zai kai gare ta, amma ko babu doka ai ba sai an faɗa wa uba wannan ba. 1911 ɗin tana nan ban sayar ba, ina son ta har yanzu, na kan fito da ita ranar Asabar in harba kwali ɗaya in goge ta in shafa mai in mayar.

Makon da ya wuce wani ƙaninmu direban babbar mota ya zo ya ce, Yaya ni fa .45 nake so, babba. Na ce to madalla, kuɗin da ka zo da su nawa ne, ya faɗa, na ce cire na kube da bel da akwatin kullewa da na aji tukuna, abin da ya rage shi ne kuɗin bindiga. Ya ɗan ɓata rai amma ya bi ni muka shiga ciki, na ɗauko masa guda biyu na haya da takardun saiti biyu. Ya harba, ya tsaya ya daɗe yana kallon takardun, ya ce zai dawo ranar Asabar ya sake gwadawa kafin ya yanke.